Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu shafukan da suke tallar "tsibirin da ake biyan mutum ya zauna" a Skotland

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga masu manyan shafukan Hausa na Facebook da TikTok, da masu riƙe da guruf-guruf na WhatsApp, musamman ku masu harkar "hanyar fita waje". Malamai barkanku da aiki, ina fata kowa yana lafiya da iyali.

Abinda yasa na zauna nake wannan dogon rubutu shine wannan hoton da bidiyon da kuke ta yaɗawa, kowa ya manna tambarin shafinsa a kai, wai akwai wani tsibiri a Skotland mai suna Fair Isle da gwamnati take neman mutane ruwa a jallo, wai za'a baka fam dubu 50 da gida kyauta har da tumaki, kai dai kawai ka cike fom. Wasu ma har juya kuɗin suke zuwa naira su rubuta da jan rubutu don idon yaro ya rufe. Duk bayan ƴan watanni sai abin ya lafa, sai kuma wani ya tono shi ya sa sabuwar murya a kai, shikenan a sake dasawa daga farko.

Ni ma'aikacin jinya ne, a Shetland nake aiki, wasu tsibirai a arewacin Skotland, a garin Lerwick, nan ne babban garin da mutanen Fair Isle ɗin suke zuwa asibiti da sayayya, nan kuma yaransu suke yin sakandire. Na taka tsibirin da ƙafata. Don haka ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, ba faɗa na zo yi ba, amma gaskiya abin ya isheni.

Maganar fam dubu 50 ɗin tana da asali, shi yasa ma take shiga kunne. A 2021 gwamnatin Skotland tayi alƙawarin wani shiri da ta kira Islands Bond, za'a ba matasa da iyalai har 100 kuɗi da zai iya kai fam dubu 50 kowanne don su zauna ko su koma tsibiran da mutanensu ke raguwa. To amma da aka je aka tambayi su kansu mazauna tsibiran, da yawansu suka ce basa so, suka ce matsalarmu gidaje ce da jirgin ruwa da aikin yi, ba wai a danƙa ma mutum ɗaya kuɗi a hannu maƙwabcinsa yana kallo ba. A watan Agusta na 2022 aka soke shirin gaba ɗaya. Ba wanda aka ba ko fam ɗaya. Kuma ko da an yi shi, ba biza bace, don gwamnatin Skotland da ke Edinburgh bata da ikon ba kowa biza, wannan hurumin gwamnatin Birtaniya ne a Landan. Su kuma na Landan ɗin kullum ƙara matse ƙofa suke, ko bizar masu kula da tsofaffi da mutanenmu da yawa suka shigo da ita an rufe ɗaukar sabbi daga waje tun Yulin 2025. To ta ina tsibiri mai mutum wajen 60 zai buɗe maka ƙofar da ƙasar gaba ɗaya ta rufe?

Ɗaya labarin da kuke gauraya shi da wannan shine na aikin shugabancin makarantar firamaren tsibirin da aka yi talla a 2021, makaranta mai yara 3, albashi sama da fam dubu 56 a shekara. Eh an yi wannan, jaridu sun ɗauka duniya ta sha labari. Amma gurbi ɗaya ne tak, na ƙwararren malami mai rajista da hukumar malamai ta Skotland, kuma tuni aka cike shi shekaru da suka wuce.

Ɗan wata yayata a gida babur ɗinsa da yake acaɓa dashi ya sayar ya tura ma wani "ejan" kuɗin fom da na "tantancewa". Sai da ya biya sannan ya turo min rasit ɗin a WhatsApp yana murna, kawu gani nan zuwa kusa da kai. Takarda ce da aka haɗa a waya, an sa tutar Birtaniya a sama, hoton wani tsuntsu mai jan baki a gefe, sunan tsibirin ma ba'a rubuta shi daidai ba. Da na kira lambar ejan ɗin tana kashe, har yau tana kashe. Da na tambayi yaron ina ya samo mutumin, yace a ƙarƙashin bidiyon wani babban shafi ne ya ajiye lambarsa a kwament. Kun ga inda na ku laifin yake kenan, ku baku karɓi ko sisi ba na yarda, amma ku kuka share fili kuka tara jama'a, ɓarawo kawai shimfiɗa tabarmarsa yayi.

Tunda kuna son labarin Fair Isle, bari in baku na gaske, wallahi yafi wanda kuke bayarwa daɗi.

Ɗan dutse ne a tsakiyar teku tsakanin tsibiran Shetland da na Orkney, can arewacin Skotland. Tsawonsa bai kai kilomita 5 cikakku ba, faɗinsa wajen 2 da rabi, duka-duka ƙasar bata kai murabba'in kilomita 8 ba. Daga bakin kudancin Shetland zuwa can wajen kilomita 39 ne na ruwa zalla, ta ɗaya gefen zuwa Orkney ma ya ɗan fi haka. Shi ake kira tsibiri mafi nisa da mutane ke zaune a kai a duk Birtaniya. Kusan ko'ina gefensa gangaren dutse ne a tsaye, ka leƙa ƙasa kaga ruwa yana dukan dutse yana fari fat, wuri mafi tsayi shine tudun Ward Hill mai mita 217. Bishiya kuwa kusan babu, iska da gishirin teku basa barinta ta tashi. Arewacin tsibirin makiyaya ce ta tumaki da ciyayi gajeru, mutane duk a kudu suke inda ƙasa ta ɗan yi laushi, gidaje farare a warwatse kowa da ƴar gonarsa. Kanti ɗaya ne, shine kuma gidan waya. Babu likita sai nas guda. In ciwo yayi tsanani sai dai jirgi mai saukar ungulu yazo ya ɗauka, shima in sama ta yarda.

Kuma tsibirin ba na gwamnati bane da zata raba ma mutane gidaje. Tun 1954 yana hannun wata ƙungiyar adana kayan tarihi da muhalli mai suna National Trust for Scotland, yawancin gidajen haya ce daga hannunta, in gida ya samu sai a duba wanda zai iya zama ya kuma kawo sana'ar da ake buƙata, kuma dole ya zama yana da izinin zama a ƙasar tun farko.

Hanyar zuwa biyu ce. Akwai ɗan ƙaramin jirgin sama daga Tingwall kusa da Lerwick, baya ɗaukar mutum 10, minti 25 ya kai ka, amma hazo ko iska kaɗan sai a soke, kana iya kwana da kwanaki kana jira da jakarka a ɗaure. Sai jirgin ruwa, Good Shepherd IV, wanda aka ƙera tun 1986, fasinja 12 yake ɗauka, awa 2 da rabi daga tashar Grutness a kudancin Shetland, lokacin bazara sau 3 a sati, lokacin hunturu sau ɗaya, shima in teku ta kwanta. Shi ke kawo komai, fulawa, gas, man dizal, katako, magani, mota ma da ƙugiya ake ɗaga ta a ɗora. Ranar da na shige shi ban manta ba, kujerun a can ƙasa suke kuma da bel a jiki, ni da na ga bel a jirgin ruwa dariya nayi, muna fita daga bakin gaɓa dariyar ta ɗauke. Kamar hatsi a faifai ana bakace, haka muka yi awa biyu da rabi. Wata dattijuwa ƴar tsibirin tana zaune gefena da kwandon zarenta tana saƙa abinta ko a jikinta, ni kuwa na rungume leda ina ta karanto duk addu'ar da na iya, can ta miƙo min alewar citta ba tare da ta ɗago kai daga saƙar ba. In jirgin ya dawo gida ma ba'a barinsa a ruwa, da inji ake jawo shi sama a ɓoye shi a wani rami da aka sara cikin dutse, don in aka barshi igiyar ruwa zata farfasa shi. A Janairun 2023 gwamnatin Birtaniya ta ware kusan fam miliyan 27 don sabon jirgi da gyaran tashoshi, kun ga irin abinda mutanen wurin suka daɗe suna roƙo kenan, ba baƙi daga TikTok ba.

Wuta fa? Za kuyi mamaki, a cikin Birtaniya, sai a Oktoban 2018 Fair Isle ta samu lantarki na awa 24. Kafin nan in babu isasshiyar iska, ƙarfe 11 da rabi na dare ake ɗaukewa sai 7 da rabi na safe. Kuma abin sha'awa su da kansu suka fara kafa injin iska tun 1982, suna cikin na farko-farko a Turai, yanzu sun haɗa injinan iska 3 da sola da batura, kuma su mutanen tsibirin ke kula da kayansu.

Abinda ba wanda yake gaya ma yaranmu shine kowa a can aiki uku huɗu yake yi. Mutumin da ya tuƙo jirgin ruwa da safe, da rana zaka ganshi da kayan kashe gobara a filin jirgi yana jiran saukar jirgin sama, da yamma yana gyaran katangar tumakinsa ko yana duba injin wuta. In lokacin tattaro tumaki daga kan tudu yayi gayya ake yi, babba da yaro da baƙo duk a jeru a kora su zuwa wurin aski. Ba wurin da zaka je ka zauna a ɗaki gwamnati tana turo maka alat bane. Yaro kuma in ya gama firamare, yana ɗan shekara 11 ko 12, sai ya bar iyayensa ya taho Lerwick ya zauna a hostel, sai bayan makonni yake leƙa gida, in yanayi ya ɓaci hutun ma ya wuce shi. Ina ganin iyayen nan, abin ba sauƙi.

Sai maganar da ta fi damun mu musulmi, wadda ban taɓa ganin ko shafi ɗaya ya ambata ba. Wurin yana can sama sosai a taswira, ya kusa layi na 60 a arewa. A watan Yuni rana tana kai wajen awa 19 a sama, kuma ko ta faɗi duhu baya rufewa, shafaƙi baya ɓacewa har gari ya waye, lokacin isha da asuba sai dai ka bi fatawar malamai ta ƙiyasi. Waɗanda suka yi azumi a wannan yankin a shekarun 2015 zuwa 2017 da Ramadan ya faɗo a Yuni su zasu baku labari. A Disamba kuma hasken wajen awa 6 ne kawai, azahar da la'asar da magariba duk a cure suke, ka shiga aiki da duhu ka fito da duhu, ga iska tana kuka a jikin taga dare da rana. Sanyin ba irin na ƙanƙara mai tsanani bane saboda teku, amma jiƙa ce da iska da bata ƙarewa, da bazararsu ma zafi da ƙyar yake wuce digiri 13 ko 14. Babu masallaci, babu Juma'a, babu mahauci da zai yanka maka, babu wanda zaka yi Hausa dashi. Mutanen kirki ne wallahi, masu karamci, ƙofofinsu ma ba kullewa suke ba, amma kaɗaici kaɗaici ne.

Su kansu da aka haifa a can ba duka suke iya zama ba. A tsakiyar ƙarni na 19 mutanen tsibirin sun kusa 400, talauci ya kori da yawa zuwa Kanada a 1862, aka yi ta raguwa har aka fara tsoron kar ayi musu irin ta St Kilda, wani tsibirin da aka kwashe mutanensa 36 na ƙarshe a 1930 ya zama kufai. Abinda ya taimaka ya riƙe Fair Isle abu biyu ne, saƙa da tsuntsaye.

Saƙar tasu duniya ta santa, rigar sanyi mai zane layi-layi, kowane layi zare kala biyu kawai ake haɗawa, tun da Yariman Wales na lokacin ya saka ta a shekarun 1920 ta zama abin yayi. Yau kantuna a ko'ina suna sayar da riga su kira ta Fair Isle alhali a masana'anta aka buga, ta gasken wadda aka yi a tsibirin ɗaruruwan fam ce kuma sai ka bi layi ka jira. Akwai masu cewa wai daga sojojin ruwan Sifen suka koya, waɗanda jirginsu El Gran Grifón ya fashe a gaɓar tsibirin a 1588, mutum wajen 300 suka zauna makonni a kan mutanen da ko kansu da ƙyar suke ciyarwa. Fashewar jirgin gaskiya ce, maganar koyon saƙar kuwa masana tarihi basu gamsu da ita ba.

Tsuntsaye kuma, to nan ne ni zuciyata take. Wani mutumin Edinburgh mai suna George Waterston, wanda Jamusawa suka kama a yaƙin duniya na biyu, yana sansanin fursunoni yake tsara yadda zai kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a Fair Isle, da ya dawo ya sayi tsibirin a 1947 ya buɗe cibiyar a 1948. Dalili shine duk tsuntsun da yake ƙetare wannan tekun in ya gaji ko iska ta kauce dashi ba inda zai sauka sai wannan ɗan dutsen, shi yasa an ga nau'i sama da 350 a wuri ɗan ƙarami haka, har da waɗanda suka ɓato daga Saberiya da Amurka. Gobara ta cinye ginin cibiyar ƙurmus a Maris na 2019, abin ya taɓa tattalin tsibirin sosai don nan baƙi suke sauka, sai 2025 aka buɗe sabo.

Wannan mai jan bakin da ke kan rasit ɗin ɗan yayata, puffin suke ce masa. Ƙarami ne, baƙi da fari, ƙafafu ruwan lemo, a rami yake ƙwai cikin ƙasa a bakin gangare, ƙwai ɗaya tak a shekara. In ka zauna shiru a ciyawa da yamma zai sauka kusa da ƙafarka da ƙananan kifaye jere a baki sun kai goma suna reto, ya kalle ka ta gefen ido, ya shige raminsa. Waɗannan kifayen, sandeel, su ne abincin kusan duk tsuntsayen tekun wurin, kuma sun ragu saboda ɗumamar ruwa da kuma manyan jiragen da suke kwasarsu ana niƙawa ayi abincin dabbobi, sai tsuntsayen suka bi su suka ragu, akwai shekarun da ƴaƴan suke mutuwa da yunwa a cikin sheƙa. Mutanen Fair Isle sun shafe shekaru suna kai ƙorafi kafin a 2016 a ayyana ruwan da ya kewaye su a matsayin wurin kariya da bincike, a 2024 kuma aka hana kamun sandeel a ruwan Skotland baki ɗaya. Akwai kuma wani ƙaton tsuntsu mai ruwan ƙasa, bonxie, ɗan fashi ne na gaske, sai ya bi wani tsuntsu ya takura masa har ya amayar da kifinsa ya cafke a sama, in ka kusanci sheƙarsa kuwa kanka zai nufo gadan-gadan, sai ka ɗaga sanda sama da kai kake wucewa. Murar tsuntsaye ta 2021 da 2022 tayi ma su bonxie mummunar ɓarna, ƙidayar da aka yi bayan nan ta nuna wajen kashi uku cikin huɗu sun tafi a wuraren da aka duba a Birtaniya, kuma fiye da rabin na duniya a Skotland suke. Akwai ma wani ɗan mitsitsin tsuntsu, wren na Fair Isle, da babu irinsa a ko'ina sai nan. A ruwa kuma ga su seal, wasu dabbobin teku, kwance a kan duwatsu, wani lokaci orca, wasu manyan dabbobin ruwa masu kama da kifi, su zagayo farautarsu.

In kuna neman abinda ya haɗa Bahaushe da Fair Isle, ga shi nan, kuma ba ƙarya a ciki. Da yawa daga ƙananan tsuntsayen da ake kamawa a can a sa musu zobe a ƙafa a sake su, wajenmu suke zuwa cin rani. Akwai wheatear, nauyinsa wajen giram 25 zuwa 30, wasu tun daga Girinlan suke tasowa su yada zango a Fair Isle su ƙetare Turai da Sahara su sauka a Sahel, irin filayenmu na Arewa da Nijar, suna tsalle a kan kunya bayan an girbe gero. Farin da aka fara a Sahel a 1968 sai da aka ganshi a Birtaniya, don a bazarar 1969 wani tsuntsu da ake kira whitethroat kusan kashi 70 cikin 100 basu koma ba, daga nan ne masana suka gane ruwan samanmu yana da hannu a yawan tsuntsayensu. Fadamar Haɗeja da Nguru tana cikin manyan masaukan irin waɗannan baƙi, kuma a Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da take horar da ƴan Najeriya wannan ilimin har matakin digiri na biyu. Wannan hanya ce ta gaske da yaro mai sha'awa zai bi, da karatu, ba da fom ɗin ejan ba.

Don haka ga roƙona gare ku. Ku sauke waɗannan bidiyoyin, kar ku ce ai tsoho ne ba mai gani, ana gani, ana kuma turawa. Wanda ya taɓa sakawa ya fito da bakinsa yayi gyara, ya maƙala gyaran a saman shafi kamar yadda ya maƙala tallar, ya faɗa a fili cewa an soke shirin tun 2022 kuma ba biza a ciki. Ku riƙa share lambobin da ake ajiyewa a kwament kuna toshe masu su. Duk wani aiki na gaske a Shetland, na ƙaramar hukuma ne ko na lafiya, a shafin hukumar ake tallarsa kuma ba'a biyan ko kwabo don a nema, duk wanda yace kawo kuɗin fom ɓarawo ne, ku faɗi haka da Hausa ƙarara. Sannan ku da kuke da mabiya a ƙauyuka, ku sanar da yara masu danƙo da mafarauta cewa in sun samu tsuntsu da zobe a ƙafa ba asiri bane ba kuma na leƙen asiri bane, in yana da rai su ɗauki hoton lambar su sake shi, a tura lambar da sunan garin da ranar ta adireshin da ke rubuce a jikin zoben, masu binciken suna amsawa su gaya maka inda aka sa masa.

Wanda yake son hotuna ko ƙarin bayani don yayi bidiyon gyara ya yi min magana ta inbox, zan bashi kyauta, sai dai a yi min uzuri in na yi jinkirin amsa don satin nan aikin dare nake.

Wassalam.

Ɗan uwanku,
daga Lerwick, Shetland